Shekara Biyu a Sashen Masu Ciwon Hanta na Wani Asibitin Kuɗi a Maradi

Shekara biyu ke nan ina raka yayana wani asibitin kuɗi da ke cikin garin Maradi, inda aka ware yini guda a kowane mako domin ganin masu ciwon hanta, kuma kafin shekarar farko ta ƙare ni ma na shiga sahun masu jiran layi da kati a hannu. Ba zan kama sunan wurin ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo kuma akwai ƙorafi, ma'aikatan kuwa mutane ne da muke haɗuwa da su a masallaci da wajen suna da zaman makoki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, maganin ciwon hanta ya yi nisa ƙwarai a cikin shekaru ashirin da suka wuce, amma yawancin mutanenmu ba su da ma'aunin da za su bambanta wurin da yake tafiya da wannan ci gaba da wurin da har gobe yake sayar musu da maganin da duniya ta riga ta ajiye.

Yayana ɗan kasuwa ne, rabin rayuwarsa a kan hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina yake yin ta. Ya san yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B ne ranar da ya je bayar da jini ga matar wani amininsa da ta sha wahalar haihuwa, aka auna jinin aka ce ba za a karɓa ba. Babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Wani mai shagon magani a hanyar tasa ya ba shi ƙwayoyin lamibudin ya ce ya riƙa shan ɗaya kullum, shi kuwa ya yi shekara biyu yana sha yana fashi, idan kwali ya ƙare yana bisa tafiya sai ya bari har ya dawo gida. Daga baya tsoro ya kama shi, domin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da kumburin ciki ya rasu, kuma likitan da ya duba shi a ƙarshe ya ce ciwon daji ne na hanta. Sai Yaya ya riƙe maganin ba fashi har wasu shekaru biyu. Duk da haka kasala ta rufe shi, abinci ya fita ransa, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. A cikin wannan hali muka shiga asibitin.

Abu na farko da ya kwantar mini da hankali shi ne likitan bai taɓa takardar rubuta magani ba sai da ya gama tambayoyinsa. Tun a waya da muka nemi rana, ma'aikaciyar da ta amsa ta ce mu taho da kwalin duk wani magani da ya taɓa sha, ko da babu komai a ciki. Yaya ya zazzage baƙar ledarsa a kan tebur: kwalayen lamibudin da suka yi laushi saboda yawo a aljihu, da ƴar gora cike da jiƙon saiwoyi, da wani sabon kwali na entekabir da aka ce ya koma kansa amma bai riga ya buɗe ba. Likitan ya jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ware sabon kwalin ya ɗora hannu a kansa. Ya ce, “Alhaji, ka gode wa Allah da ba ka fara wannan ba. Magani ne mai kyau, amma ba naka ba ne, domin wancan da ka daɗe kana sha ya riga ya ɓata masa hanya.” Yaya ya ce, “Likita, ai an ce mini shi ne sabo.” Likitan ya ce, “Sabo ne a kan wancan, gaskiya ne. Amma ƙwayar da ke jikinka ta riga ta koyi rabin dabarar kauce masa.”

Bayanin da ya biyo baya shi ne ginshiƙin al'amarin, saboda haka zan tsaya a kansa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana hayayyafa a jikin mutum da biliyoyi a kowace rana, kuma ba ta gyara kurakuran da take yi a wajen kwafar kanta, don haka kullum ana samun waɗanda suka fito da ɗan bambanci. Idan magani mai rauni ne, yana kashe masu jin sa ya bar waɗanda kuskuren ya yi musu rana, su kuma su cika wurin. Likitan ya tuna mana da nibakin, wadda iyayenmu suka dogara da ita a kan zazzaɓin cizon sauro har ranar da ta daina aiki, ya ce hanyar ɗaya ce. Lamibudin, wanda aka amince da shi a kan wannan ciwo a 1998, canji ƙalilan ƙwayar take buƙata ta bijire masa, shi ya sa kusan mutum bakwai cikin goma da suka sha shi shekara biyar ake tarar da ƙwayarsu ta daina jin sa. Adefobir da ya biyo baya a 2002 ya ɗan fi shi, amma shi ma bayan shekara biyar yana suɓuce wa kusan uku cikin goma. Entekabir ya zo a 2005 da ƙarfi na gaske, domin ga wanda bai taɓa shan komai ba, da ƙyar mutum ɗaya cikin ɗari yake samun bijirewa a shekara biyar. To amma ga wanda ƙwayarsa ta riga ta bijire wa lamibudin, kusan rabin masu shan entekabir ne yake daina yi wa aiki a cikin wannan tsawon lokaci. Tenofobir kuwa, wanda aka amince da shi a kan ciwon hanta a 2008, an bi masu shan sa shekara da shekaru a manyan gwaje-gwaje ba a ga ƙwayar ta bijire masa ba, kuma yana aiki har a kan wadda ta gagari lamibudin. A kansa aka ɗora Yaya, ƙwaya ɗaya mai miligiram 300 a kowace rana.

A ganina, wannan tambaya guda ta “me ka taɓa sha a baya?” ita kaɗai ta biya kuɗin ganin likitan. Duk inda aka miƙa wa mai ciwon hanta magani ba tare da an yi masa ita ba, ina ba shi shawara ya tashi ya nemi wani wuri.

Ba a fara maganin ranar ba, sai da aka yi awo iri-iri, kuma na yaba da yadda aka gaya mana dalilin kowanne kafin mu biya. An auna sinadarin da hanta ke zubarwa cikin jini idan tana ƙuna, an ƙidaya ƙwayoyin da ke daskarar da jini, aka haɗa sakamakon biyu a wani lissafi da ake kira APRI, wanda yake nuna ko hanta ta fara tauri ba tare da an huda ta ba. An duba ƙoda, domin tenofobir yana iya taɓa ƙoda da ƙashi, shi ya sa aka samar da wani sabon nau'insa a 2016 mai miligiram 25 saboda masu raunin ƙoda da dattawa. An yi masa eko, wato hoton cikin ciki da na'ura. Sannan aka nemi izininsa a auna ƙanjamau, abin da ya ɓata masa rai har ya ce shi mai iyali ne. Likitan bai ɗaga murya ba, ya ce masa ba zargi ba ne, dalilin shi ne tenofobir da lamibudin duka magungunan ƙanjamau ne, idan mutum yana ɗauke da ita bai sani ba ya sha guda ɗaya kaɗai, to ƙwayar ƙanjamau ce za ta bijire, a ɓata masa maganin da zai buƙata gobe. Yaya ya miƙa hannu aka ɗebi jinin.

Abu na biyu da nake yaba wa wurin shi ne gaskiya. Likitan ya faɗa wa Yaya ba tare da kwana-kwana ba cewa maganin yana danne ƙwayar ne, ba ya tumɓuke ta, kuma mafi yawan masu shan sa za su ci gaba da sha ne muddin rai. Dalili kuwa shi ne ƙwayar tana ajiye wani kwafi na kanta a can cikin ƙwayoyin hanta inda magani ba ya kaiwa, kamar irin ƙuduji da ke kwance a cikin ƙasa shekara da shekaru yana jiran a shuka hatsi. Wanda ya daina sha da kansa, ƙwayar tana iya tasowa gaba ɗaya, hanta ta ƙone a cikin ƴan makonni, wani lokaci har ta kai ga rasa rai. Masu bincike suna gwada sababbin magunguna da ake fatan za su kai ga a daina sha, amma abin da ke hannun likitocinmu yau shi ne wannan. Maganar tana da nauyi a kunne, musamman a garin da kullum ake jin lasifika a bakin kasuwa tana alƙawarin wanke hanta a cikin kwana arba'in. Na ga yadda fuskar yayana ta canja. Amma na fi son wanda ya gaya masa abin da zai ɗaure a kai ya rayu, a kan wanda zai karɓi kuɗinsa ya bar shi da fata marar tushe.

Daga nan likitan ya juyo gare ni ya ce, “Malam, kai fa, an taɓa auna ka?” Na ce a'a. Ya ce duk ƴan ɗakinmu su zo, da matan Yaya da ƴaƴansa. Mu biyar ƴan uwa ɗaya muka yi awon, uku muka fito da ita. A nan na fahimci cewa a ƙasashenmu galibi tun ana jarirai ko ana yara ƙanana ake ɗaukar wannan ƙwaya, daga uwa wajen haihuwa ko ta hanyar jini tsakanin yara, kuma jaririn da ya ɗauka, tara cikin goma tana zama a jikinsa har girma, alhali babban mutum idan ya ɗauka, ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zame wa ta dindindin. Ya yi maganar askar wanzami da ƙaho da kaciya da cire beli da almakashin masu yankan farce, ba tare da ya aibata masu sana'ar ba, ya ce dai kowa ya tafi da sabuwar rezarsa. Uwargidan Yaya, wadda ta yi shekara huɗu tana ware masa kwano da cokali da buta, ita ya fi daɗewa yana yi wa bayani. Ya ce mata, “Hajiya, ba a ɗaukar ta a akushi, ba a ɗaukar ta a zufa ko musabaha. Ki mayar da shi cikin iyalinsa, ke kuma ki zo a yi miki allurar rigakafi.” A daren ranar na tarar da shi yana cin tuwo a kwano ɗaya da ƴaƴansa maza.

Lamarina ne ya nuna mini cewa likitan yana bibiyar abin da ake ciki a duniya. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, wanda hantarsa ba ta yi tauri ba sai ya haura shekara 30, yawan ƙwayar ya wuce 20,000 a mililita ɗaya na jini, awon hanta kuma ya ci gaba da nuna ƙuna, kafin a fara ba shi magani. A watan Maris na 2024 hukumar ta sassauta ƙa'idar, ta sauko da iyakar zuwa 2,000 idan awon hanta ya hau, ta kuma ce wanda aka taɓa yin ciwon dajin hanta ko taurin hanta a gidansu a ba shi magani, tun daga ɗan shekara 12. Nawa awon ya faɗo ne a tsakanin iyakokin biyu, ga kuma tarihin mahaifinmu. A tsohuwar ƙa'ida da an ce in je in dawo, a sabuwa kuwa aka ɗora ni a kan tenofobir. Sassaucin yana da dalili, domin rahoton hukumar na 2024 ya nuna mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma nau'in C, su biyun suna kashe mutum miliyan 1.3 a shekara, wato kimanin 3,500 a kowace rana, amma cikin masu nau'in B kashi 13 cikin ɗari ne kawai suka san suna da ita, kimanin kashi 3 kuma suke shan magani.

Ƙanwata ce ta uku a cikinmu, kuma tana da ciki lokacin. An auna yawan ƙwayar a jininta, domin mai cikin da awonta ya kai 200,000 ana ba ta tenofobir don kare ɗan da ke cikinta. Nata bai kai ba, saboda haka aka mai da hankali a kan allurar jariri, wadda tilas a yi ta a cikin awa 24 na farko bayan haihuwa. Allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar da ake fara yi wa yara a mako na shida tana da amfani, amma ga ɗan da uwarsa ke ɗauke da ƙwayar, mako shida ya yi nisa. A yankin Afirka, jarirai 18 cikin ɗari ne kaɗai suka samu allurar ranar haihuwa a 2022. Asibitin ya sa mun tanadi allurar tun cikin yana wata takwas, aka rubuta sunanta a jiki aka ajiye a firij ɗinsu, kuma da naƙuda ta zo da asuba, kafin azahar an yi wa yaron. Wannan tsari na yaba da shi matuƙa, ko da yake daga aljihunmu kuɗin ya fito.

A kan bencin jira na saba da wani dattijo daga wajen Tasawa mai ɗauke da nau'in C, kuma ta dalilinsa na ga ɗaya ɓangaren ci gaban, wanda ya fi namu daɗin ji. Sai a 1989 aka gano wannan ƙwaya, aikin da ya sa aka ba Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice kyautar Nobel a 2020. A da, allurar intaferon ake yi wa mutum na tsawon wata shida zuwa shekara, da zazzaɓi da rama, kuma kusan rabin masu yin ta ne kawai ke warkewa. A ƙarshen 2013 aka amince da sofosbubir a Amurka, inda kamfanin Gilead ya sa masa dala 84,000 na mako 12, wato dala 1,000 kowace ƙwaya, amma da kamfanonin Indiya da na Masar suka fara yin irinsa sai farashin ya faɗo warwas. Masar, wadda a da take cikin ƙasashen da ciwon ya fi yi wa katutu, ta auna miliyoyin jama'arta ta yi musu magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar matakin zinariya a kan hanyar kawar da ciwon a 2023. Dattijon ya sha sofosbubir haɗe da daklatasbir mako 12, aka jira wasu makonni 12 aka sake awo, ba a ga ƙwayar ba. Ya warke sarai, kamar yadda fiye da 95 cikin ɗari na masu shan waɗannan magunguna suke warkewa. Kafin a fara masa sai da aka duba ko yana da nau'in B, domin maganin C yana iya tayar da B da ke kwance. Na tambayi likitan yadda ake yi da ƴan kaɗan ɗin da maganin bai yi wa aiki ba, musamman da yake akwai wasu rassan ƙwayar a Afirka da tun asali ba su cika jin wasu daga cikin magungunan ba. Ya ce ba a maimaita musu abin da ya gaza, akwai haɗin magunguna uku a ƙwaya ɗaya da aka fitar a 2017 domin su, sai dai asibitin ba ya ajiye shi, sai an yi odar sa daga waje.

Yanzu ga inda wurin ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Awon yawan ƙwayar cuta shi ne idon likita a wannan aiki, domin da shi ake gane magani yana ci ko ya daina, kuma idan adadin ya ninka goma alhali mutum yana sha ba fashi, ana zargin bijirewa. Amma asibitin ba ya yin wannan awo a labonsa. Ana ɗibar jini a aika Yamai, a jira mako biyu ko uku, kuma kuɗin awo ɗaya ya fi kuɗin maganin watanni da dama. Sau ɗaya jinin Yaya ya lalace a hanya saboda zafi, aka kira mu a sake ɗiba, kuma sai da muka yi doguwar magana kafin a yarda ba za mu biya sau biyu ba. Na ga mutanen karkara sun karɓi takardar awon, sun ji kuɗin, sun ninke ta sun sa a aljihu, ban sake ganin su ba. Na'urar GeneXpert da aka saba auna tarin fuka da ita tana iya wannan awo a cikin ƴan awoyi, kuma ina ganin asibitin da ya ware rana guda domin masu ciwon hanta ya kamata ya nemi hanyar samun ta ko ya ƙulla yarjejeniya da inda take. Haka nan ba su da na'urar FibroScan mai auna taurin hanta daga wajen jiki. Awon nau'in D kuwa, wanda ba ya rayuwa sai a jikin mai nau'in B kuma yake gaggauta lalacewar hanta, shi ma sai an aika, duk da cewa Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da ya yawaita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yankewar magani. A cikin watan Afrilu na shekarar farko muka je karɓar na wata, aka ce tenofobir ya ƙare, kaya suna hanya. Kwana goma sha ɗaya aka yi babu. Mutanen da suka gaya mana da bakinsu cewa daina sha na iya ƙona hanta, su ne suka bar mu muna zagaya farmasi-farmasi a kan babur cikin zafin da ya haura digiri 40. A ƙarshe mun samu kwalba ɗaya muka raba ƙwayoyin tsakanina da Yaya. A cikin irin waɗannan kwanaki ne mutum yake faɗawa hannun masu tallar magani a tire, inda ƙwaya take yini a rana kuma babu mai tabbatar da abin da ke cikinta, ko kuma ya koma wa lamibudin saboda shi ya samu. Wurin da ya san illar fashi kamar yadda wannan likita ya san ta bai kamata ya bar ma'ajiyarsa ta ƙare ba.

Akwai kuma batun sirri. Wata safiya mai karɓar kati ta leƙo ta ce da ƙarfi, “Masu hepatit su matso nan,” a gaban masu jiran awon ciki da masu zazzaɓi. Wata budurwa da ke kusa da ni ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zauna ba ta motsa ba har aka gama kira. A garin da ake fasa aure saboda wannan sakamako, irin wannan kira ba ƙaramin lahani ba ne. Na yi wa likitan magana, ya ba da haƙuri, yanzu da lamba ake kira. Sai dai aikin duka a wuyan mutum ɗaya yake, idan ya yi tafiya ranar ta faɗi, kuma babu wanda zai buga wa maras lafiya waya idan ya ƙetare ranar dawowarsa, alhali sunaye da lambobi suna nan a cikin rajista.

Shawarwarinsu a kan abinci sun sauƙaƙa wa gidanmu rayuwa. An daɗe ana hana Yaya nama da ƙwai da mai, har ya rame, likitan ya ce babu dalilin hakan ga wanda hantarsa ba ta gaza ba. Abin da ya hana shi ne giya, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, da shan maganin ciwon jiki barkatai. Ya kuma ja hankalinmu a kan abin da ya shafe mu kai tsaye a ƙasar gyaɗa irin Maradi: gyaɗa da masara idan suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar da ake kira aflatoksin, wadda idan ta haɗu da ƙwayar nau'in B take ninka haɗarin ciwon dajin hanta. Bai ce a bar cin gyaɗa ba, ya ce a shanya ta ta bushe sosai, a tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci a zubar, a kuma san hannun da ya yi ƙuli-ƙulin da ake saye. Da azumi ya matso ya ce mu mayar da shan maganin lokacin sahur ko bayan buɗa baki, mu tsaya a kan lokaci ɗaya.

Bayan wata goma sha biyu a kan tenofobir, awon Yaya ya dawo daga Yamai ba a ga ƙwayar a jininsa ba, awon hanta ya sauko daidai, jikinsa ya murmure ya koma harkarsa. Likitan ya taya shi murna, sannan nan take ya rubuta masa ranar eko ta gaba, domin maganin yana rage haɗarin ciwon daji ne, ba ya kawar da shi, kuma mai tarihi irin namu sai an duba hantarsa duk wata shida. Wanda ya taɓa shan lamibudin ko wani magani da ba likita ya rubuta ba, da mai cikin da aka ce tana ɗauke da ƙwayar, su ne na fi ba shawarar su nemi irin wannan sashe, su tafi da kwalayensu da tsofaffin takardun awonsu, su kuma tanadi kuɗin awo kafin na magani. Mu dai tun bayan abin da ya faru a Afrilu muke sayen na wata uku a lokaci ɗaya, muna ajiye shi a ɗaki mai sanyi nesa da taga, kuma Yaya ba ya hawa mota zuwa Katsina sai ya ƙirga ƙwayoyin kwanakin tafiyarsa ya ƙara biyar a kai. Shugaban asibitin ya yi mana alƙawarin cewa daga bana za su riƙa ajiye tenofobir na wata uku a ma'ajiya domin duk wanda sunansa ke cikin rajista, kuma ranar Talata mai zuwa, da za mu je eko, zan tambayi mai ba da magani ko an fara.